Shirun da Na Yi a Gonar Kusada

Har gobe ba zan manta da ranar da Alhaji Mamman ya aiko mota ofishinmu na dabbobi a Kankia ba. Direba ya wuce ni a bakin ƙofa ya ce Sabi'u ake nema. Shekara da shekaru ni ke duba shanu da kajin gonarsa ta Kusada. Ni da Sabi'u muƙaminmu ɗaya, mataimakan likitan dabbobi, wato mu ke yin allura da ba da magani, likita kuwa sai abu ya yi tsanani yake zuwa daga Katsina. Amma na riga shi fara aiki nesa ba kusa ba. Abin da ya fi ni da shi kawai, ya taɓa zama a Kaduna, ya iya shafa kan kare ba ya ɗar-ɗar.

Alhaji ya sayo karnukan Turawa biyu, kare da karya, don gadin gona, irin masu tsayayyun kunnuwa da gangararren baya. Daga nan komai sai Sabi'u. Ya dawo da kiret ɗin ƙwai, ya dawo da labari, ni kuwa ina zaune ina cika rijista. Ba zan ɓoye muku ba, kishi ya ci ni har abinci ya daina yi mini daɗi.

Karyar ta haihu, aka bar 'ya ɗaya ta girma. Masu son irin suka fara sintiri, kowa na asali yake so. Sai Alhaji da Sabi'u suka shirya a haɗa uban da 'yarsa, wai kada jinin ya gauraya da na karnukan gari.

Wata Talata rigakafin shanu ya kai ni gonar. Na ga uban yana gudu, ƙafafunsa na baya suna tashi tare kamar na zomo, in ya zauna kuma da ƙyar yake miƙewa. Ciwon ƙugu ne, kuma gadonsa ake yi. Ni ɗan mafarauci ne daga Fakuwa. Mahaifina bai taɓa barin karnukan gida ɗaya su haɗu ba, har Kafinsoli yake jan karyarsa wajen karen abokinsa. Na san abin da zai biyo baya sarai.

Sabi'u ya matso ya ce, "Yaya, mi ka gani ga tahiyar wanga kare? Ni hwa ina ganin gajiya ce."

Na ce, "Ai kai ne malamin karnuka. Mu na shanu ne."

Ya tsaya yana jira ko zan ƙara wani abu. Na juya wajen shanuna.

'Ya'ya shida aka haifa. Ba su yi nisa da girma ba huɗu suka fara jan ƙafa, ɗaya daga cikinsu ma ba ya tashi sai an tallafe shi. Waɗanda suka karɓa suka maido. Alhaji ya kai ƙara, likita ya zo ya duba, ya ba Sabi'u takardar tuhuma, wadda a aikin gwamnati dole ka amsa ta a rubuce kuma tana shiga fayil ɗinka. Ya tambaye shi a gabana ko ya nemi shawarar wanda ya girme shi a aiki. Sabi'u ya dube ni sau ɗaya, sannan ya ce, "Laihina ne, ranka shi daɗe." Ba a rufa wata ba aka mayar da shi wani ƙauye mai nisa, matarsa da tsohon ciki.

Gona ta dawo hannuna, abin da na daɗe ina so. Aikin farko da na tarar shi ne umarnin likita na a yi wa huɗun nan allurar da za ta raba su da wahala. Mai gadin gonar, wani dattijo da ya saba da su tun suna jarirai, shi ya riƙe mini su ɗaya bayan ɗaya. Na farkon yana ta kaɗa mini wutsiya. Da na gama dattijon ya ce, "Malam, da Allah Ya sa wani ya sani tun hwarko, da ba a kai ga haka ba." Na ce haka ne.

Ku da kuke fara aikin nan, za ku ji haushin abokan aikinku, babu makawa, mu duka mun ji. Amma in ɗan'uwanka ya tambaye ka abin da ka gani a jikin dabba, faɗa masa, ko da shi za a yaba. Ni na yi shiru don Sabi'u ya ji kunya, kuma da hannuna na kashe karnuka huɗu.