Gig Takwas na Haladu

A shekarun da kuɗin mai ya malale ƙasa, har mai tallan gyaɗa ya riƙe waya 'yar Chana, Haladu mutumin Utai ya kafa tebur a kasuwar Wudil. Memori yake sayarwa, yana tura wa mutane wa'azi da waƙoƙi. Tsantseninsa har ya yi yawa, ko allura ya tsinta sai ya yi cigiya. Ba shi da wata dukiya sai sunansa na mai gaskiya.

Wata Juma'a Gwadabe dillalin shanu ya sayi memori mai gig takwas. Ya sa a waya, waya ta nuna bakwai da 'yan kai. Ya dawo yana kumfar baki, ya ja Haladu gaban Malam Wali, shugaban 'yan layin masu sayar da kayan waya.

"Malam, ba ni na rage ba," in ji Haladu. "Kamfani dubu yake kira dubu. Ita waya sai ta ga dubu da ashirin da huɗu take yarda dubu ta cika. Duk memorin kirki haka yake."

"Mudu biyu ke nan," in ji Malam Wali. "To ga Alƙur'ani. Yi alwala ka rantse takwas ɗin cikakke ne, magana ta mutu."

Da wani ne a layin nan, da tuni ya dafa ya koma ciniki. Shi kuwa bawan Allah sai ya tsaya tunani. Takwas ɗin wa, na kamfani ko na waya? Ya ce ba zai iya ba. Jama'a ba su riƙe dalilinsa ba, ƙin rantsuwar suka tafi da shi.

Abin da ke ƙona rai, Bilya na teburin gaba jabu yake sayarwa, irin wanda ke nuna takwas cif, kwana kaɗan ya cinye wa mutum hotuna. Can Gwadabe ya koma, kasuwa ta bi shi. Yau Bilya shago gare shi har da janareto.

Haladu ya naɗe tebur ya koma noma a Utai, yana zaton maganar ta tsaya a Wudil. Bayan kaka ƙanensa Ƙasimu ya tashi sayen gona, aka ce kowa ya kawo mai shaida. Haladu ya sa hula ya fito. Ƙasimu ya tare shi a soro, kansa a ƙasa.

"Yaya, ka yi zamanka," ya ce. "Masu gonar sun ce a kawo wani."