Takardar da na ture a kan maƙoƙon Yaya Hajara

Shekara goma sha tara ke nan da muka kai Yaya Hajara makwancinta a ƙauyenmu, gefen Bagwai. Ita ta goya ni bayan rasuwar Innarmu. Ni a aji huɗu na tsaya a firamare, ku yi haƙuri da rubutuna. Maganar ce ta ƙi kwanciya.

Maƙoƙo ta yi fama da shi. Ya fara kamar ƙwan zabuwa, ya kai girman ƙoƙon fura. Sau uku wanzami yana yi mata tsaga a wuya yana kafa ƙaho, muna gefe muna yi mata sannu. Da numfashinta ya fara ƙara in ta sunkuya shara, muka je asibiti a birni. Likita ya ce a yi aiki a cire. Mijinta ya rasu, ni ne namijin da ya rage, sai aka miƙo min takarda in sa hannu. Na ture ta. Na ce wuya wurin yankan rago ne, ba za a kwantar min da 'yar'uwa a sa mata wuƙa ba. Dattawan gari har albarka suka sa min. Ita kuwa ta ce, "Duk yadda ka gani, Sale." Damina biyu ta ƙara a duniya.

Askar wanzami mun yarda da ita don kakanninmu sun san ta. Ta likita muka ƙi. Rashin sani ya fi dare duhu.

Bara sai ga irin kumburin a wuyan 'yata Rabi, mai aure a Ungogo. Abin da na gani a asibiti har yau yana ba ni mamaki. Likitar mace ce, ban ce ta girmi Rabi ba. Ta goga wata na'ura a wuyan, sai ga cikinsa a allo, ba a tsaga komai ba. Suka zuƙi kaɗan da allura suka auna, suka ce ba ciwon daji ba ne. Ta ce ƙarami akan bar shi a riƙa dubawa. Wani a cire rabi, wani a cire duka, mutum ya riƙa shan ƙwaya ɗaya kullum. Na Rabi ya fara danne hanyar numfashi, gefe guda za a cire. Ba ta ɓoye haɗarin ba: akwai jijiyar murya a wurin, siririya kamar zare, ita suke kiyayewa.

Habu, mijin Rabi, ya ja ni gefe. "Baba, wuya ne fa. Ko mu fara gwada na gida?"

Na ce, "Habu, na gida na gwada, ga kabarin Yaya can a ƙauye. Rufa min baki."

Ashe ma ba mu ake jira ba. Rabi aka miƙa wa biro. Da Yaya za ta leƙo, ina jin wannan zai fi ba ta mamaki a kan na'urar: wai mai wuyan ake tambaya. Ni ban tambaye ta ba ko sau ɗaya.

Aka yi aikin, bayan kwana uku aka sallami Rabi, murya a dushe, tabon ya kwanta cikin layin wuya.

Yaya ba ta bar ɗa ba, ɗakinta ma ya rushe, gero ake shukawa a wurin. Abin da ta bari shi ne ƙanen da ya yi hankali a makare. Allah Ya jiƙanta, Ya yafe min. Jiya Rabi ta zo gaishe ni, tana yi wa 'ya'yanta faɗa har maƙwabta na ji. Ban ce ta rage murya ba.