Dutsen Niƙan Kaka

Wata Asabar ce da hantsi, a damina, farkon shekarun tamanin. A gidanmu na unguwar Lamisula a Maiduguri daga ni sai kakata ta wajen uba. Ina aji huɗu a sakandare, a hannuna kuma littafin ilimin duwatsu ne da yayana ya bari da zai koma jami'a.

Littafin ya ce wasu duwatsun narkakku ne tun asali, daga baya suka daskare. Wanda ya huce a hankali can ƙarƙashin ƙasa ƙwayoyinsa manya ne. Wanda ya malalo fili ya huce da sauri, nasa ba sa ganuwa. Ya ce a fasa a duba ciki. To, kun san Maiduguri, yashi ne ko'ina, sai ka wuni kana yawo ba ka tsinci na jifa ba. Dutse ɗaya na sani a gidanmu: na niƙan kaka, gadon uwarta, wanda ta taho da shi daga Gwoza.

Na ɗauko guduma. Na ɗaga ke nan, sai na ji an riƙe mini hannu.

"Kai, maigida," in ji kaka, "bokon ne ya ce ka raba ni da uwata?"

Na yi mata bayani. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ɗauko makoɗinta, ɗan baƙin dutsen Biu da take ƙwanƙwasa na niƙan da shi idan ya yi santsi. Ta koɗa gefe guda, ta zuba ruwa. Sai ga ƙwayoyi sun bayyana: masu ja-ja, farare kamar gishiri, da baƙaƙe masu ƙyalli. Na juya makoɗin, ko ƙwaya ɗaya ban gani ba. Duwatsun littafin duka biyu suna gabanta, ɗaya yana gyara ɗaya.

"Wato tun ina amarya a kan wuta nake niƙa?" Ta ɗora tafinta a kai, ta daɗe. "Allah mai iko."

Daga ranar, ba ta zuba dawa sai ta taɓa shi da bayan hannu, kamar mai gwada tukunya. Yanzu inji ke niƙa wa unguwa. Dutsen yana gidana, ko ɓalli bai yi ba.