Isufu Mai Keke, Wanda Ya Nuna Mana Bakin Teku

Kafin a buɗe manyan shagunan Xiaobei, unguwar da muke zaune a birnin Guangzhou na ƙasar China, kafin 'yan dako su fara turo kurarsu, Malam Isufu ya riga ya ɗaga ƙofar sito. Daga sallar asuba ba ya komawa barci. Zai ɗora ruwan shayi, ya shimfiɗa buhu a ƙasa, ya jera sifanu daga ƙarama zuwa babba, sannan ya jawo keken farko. Shekara takwas ke nan yana wannan aiki. Alhaji Ussif, mutumin zangon Kumasi mai tura kaya gida, shi ke saro kekuna daga masana'anta, shi kuwa Isufu ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya gwada birki, ya kwance taya da feda, ya shirya su a kwali yadda kwantena za ta ci da yawa. Wanda ya hau sabon keke a Tamale ko a Maraɗi bai san hannun da ya ɗaure masa birki ba.

A ƙarshen wannan shekara ta 2009 zai koma gida, don gwiwa ta fara yi masa gardama. Shi ya sa ya kamata a faɗi abin da ya yi tun yana cikinmu, yana ji da kunnensa.

Isufu mutumin Maraɗi ne, kuma har ya haura arba'in bai taɓa ganin teku ba. A shekararsa ta biyu a Guangzhou ne, da aka rufe masana'antu saboda hutun mako guda na farkon watan Mayu, ya rasa abin yi. Ya ɗauki tsohon keken da yake zuwa kasuwa da shi, ya ɗaura bargo da buta da kayan faci a kariyar bayan keken, ya ce wa Alhaji Ussif zai je ya ga inda ƙasa ta ƙare. Alhaji ya ɗauka wasa ne. Bayan kwana shida sai ga shi ya dawo, rana ta ƙona shi, da busasshen kifi rataye a kan keke, yana ba da labarin wani gari na bakin teku da ake kira Yangjiang, inda ya tarar suna da daddawa. Ya rantse daddawa ce, ta baƙin wake dai, amma warin ɗaya ne. Har yau idan ya fara zancen daddawar nan, sai mutum ya nemi wurin zama.

Mu Hausawan da ke nan, a lokacin duniyarmu ba ta wuce Xiaobei da kasuwar tufafi ta Guangyuan ba, sai ɗalibai da ke unguwar Tianhe. Abinci kuwa, in ba na gidajen cin abincin Musulmi na unguwa ba, ba mu yarda da shi ba. Isufu bai iya karanta rubutun China ba, amma akwai alama guda da ya sani kamar sunansa, wato ta alade. Yaren ma kaɗan ya iya, sai dai wanda ya iya ɗin ya ishe shi. Idan ya isa rumfar abinci ba ya zama a tebur. Zai yi gaisuwa, ya kira mai wurin "lawban", wato maigida, ya zarce madafa yana murmushi, ya nuna kwalbar mai ya tambaya ko na alade ne. In an ce "meyo", babu ke nan, sai ya shinshina da kansa. Ya tambayi giyar girki ita ma, ya roƙi a wanke kasko a gabansa, ya zaɓi kifinsa da rai a cikin baho. Wasu su yi dariya, wasu su ɗaure fuska, amma da wuya a kore shi. Yakan ce matambayi ba ya ɓata, kuma ba ya kwana da yunwa.

Daga shekara ta gaba ya fara tafiya da mutane. Duk ɗalibin da ke so, Isufu zai nemo masa tsohon keke ya gyara da hannunsa a lokacin da ba na aiki ba. Sharaɗinsa biyu ne: ba a gudu, kuma ba a barin na baya. Masu jini a jika sun sha yin ƙorafi cewa tafiyarsa ta hawainiya ce, bai taɓa canzawa ba. A haka ya kai su garin Guanghai suka ga kifin gishiri shanye a rana layi-layi, ya kai su ƙananan garuruwan masunta inda ake dama kunun shinkafa da ƙaguwa da sassafe, aka koya musu cin kifin da aka turara da citta da albasa ba tare da ɗigon mai ba.

Amma abin da ya sa sunansa ba zai fita daga bakinmu ba ya faru ne a Mayun 2006.

Akwai wani ɗalibin likitanci ɗan Kano, Abdulgafar, da ke shekararsa ta biyu a wata jami'a a Tianhe. Tun zuwansa wani ya tsorata shi cewa komai na garin nan da man alade ake yi, har burodi. Yaro mai tsantseni, sai ya koma biskit da ruwan shayi da dafaffen ƙwai. Jiki ya zube, karatu ya daina shiga, ya faɗi jarrabawa biyu. Ya rufe kansa a ɗaki, ya daina zuwa Juma'a. Abokin ɗakinsa Ƙasimu, wanda ya ba da wannan labari, ya ce ya ga Abdulgafar ya haɗa akwatinsa, ya rubuta takardar barin makaranta, ranar miƙawa kawai yake jira. Kuma gurbin karatun nan shi ne abin da gidansu duka ke kallo.

Ƙasimu ya je sito ya faɗa wa Isufu. Washegari Isufu ya tura keke biyu har Tianhe, yana kan ɗaya yana jan ɗaya, ya hau bene ya ƙwanƙwasa. Bai yi masa wa'azi ba, bai ma nuna ya san da zancen takarda ba. Cewa ya yi zai yi tafiya gabas wajen Shanwei, kuma shi tsoho ne, yana buƙatar lokotoro a kusa saboda gwiwarsa. Abdulgafar ya ce shi ba likita ba ne, kuma ba zai zama ba. Isufu ya ce to, a raka shi dai, akwati ba ya guduwa. Kunyar babba ce ta fito da shi.

Su uku, har da Ƙasimu da nasa keken, suka sa kekunan a motar haya zuwa Huidong, daga nan suka kama hanyar gaɓa. Kwana biyu Abdulgafar yana tuƙi, in sun tsaya cin abinci ya koma gefe ya buɗe ledar biskit. A rana ta uku, sun kusa wani ƙauyen masunta a yankin Haifeng, hadari ya taso daga teku, ruwa ya sauko. Abdulgafar ya sauka daga keke ya durƙusa a gefen hanya, jiri ya ɗebe shi. Suka kama shi zuwa ƙarƙashin rumfar wani gida.

Wata tsohuwa ta leƙo, ta dube su, ta yafito su ciki. Yarenta ba wanda ake koyarwa a jami'a ba ne, ko Ƙasimu bai gane ba. Ta ɗauko wani babban akushin ƙasa da muciya, ta zauna za ta haɗa musu shayin garinsu. Isufu ya jawo kujera ya zaunar da Abdulgafar daf da ita, ya ce ya kalli duk abin da za ta zuba. Ganyen shayi ta zuba, da gishiri, da gyaɗa, da riɗi, ta riƙe akushin da gwiwoyinta tana niƙa. Ta tsiyaya tafasasshen ruwa, ta watsa soyayyar shinkafa a kai, ta miƙa masa kwano da hannu biyu.

Abdulgafar ya riƙe kwanon bai kai baki ba. A nan ne Isufu ya yi magana, a hankali.

"Ɗana, ka ga haram a ciki?"

"Ban gani ba, Baba."

"Tsoron haram ibada ne. Amma yunwar da ka ɗora wa kanka ba Allah ne ya ɗora maka ba. Ya ba ka ido, ya ba ka baki na tambaya. Yi bismilla, kar ka kunyata uwar mutane."

Ya sha. Ƙasimu ya ce yana sha hawaye na zuba a cikin kwanon, don ƙamshin gyaɗa da riɗin nan na ɗakin girkin mahaifiyarsa ne. Tsohuwar ba ta tambayi dalili ba, ƙara masa kawai take yi, har kwano uku. Da ɗanta, wanda shi yana jin yaren da ake koyarwa a jami'a, ya dawo daga bakin ruwa da kifi, Isufu ya bi shi madafa kamar yadda ya saba, amma a wannan karon ya sa Abdulgafar a gaba, ya ce shi ne mai yaren makaranta, shi zai yi tambayar. Abdulgafar ya yi ta, aka amsa masa, aka wanke tukunya yana tsaye.

Bayan sun ci, ɗan ya ji cewa baƙon likitanci yake karantawa, sai tsohuwar ta ɗage ƙafar wandonta ta nuna masa ƙafa a kumbure. Abdulgafar ya ce shi ɗalibi ne kawai. Duk da haka ya durƙusa ya danna wurin da yatsa, ya ga ramin bai cike ba, ya yi ta tambaya ɗan yana fassarawa: ko tana haki in ta hau tudu, ko tana iya kwanciya ba matashi. Daga ƙarshe ya gaya wa ɗan, ba tare da kwana-kwana ba, cewa ya kai ta asibiti a duba zuciyarta cikin makon nan, kuma ta rage gishiri. Tsohuwar ta yi dariya da aka fassara mata zancen gishiri, ta nuna akushinta. Amma ɗan bai yi dariya ba, ya ce gobe zai kai ta.

Da ruwa ya ɗauke suka hau hanya, Isufu na gaba yana tuƙinsa na hawainiya. Can ya waiwayo ya ce, "Lokotoro, gwiwata fa?" Ƙasimu ya ce ranar ya fara jin dariyar Abdulgafar.

Takardar nan ba a miƙa ta ba. Abdulgafar ya sake jarrabawar ya ci. Yanzu yana shekararsa ta ƙarshe, yana zagayen marasa lafiya da farar riga, kuma 'yan kasuwarmu da ba su jin yare shi suke kira in za su ga likita.

Malam Isufu, kai ne ka ɗauki sifana da famfon iska ka yi aikin da manyan masu magana ba su yi ba. Kai ne ka koya mana cewa mutum zai iya riƙe addininsa da kyau ba tare da ya mayar da mutanen gari abokan gaba ba. Ba ka da digiri, lakwal ɗin ma, wato makarantar boko, ka ce aji uku ka yi, amma ɗalibai fiye da talatin sun bi bayan kekenka, kuma ba wanda ya dawo yadda ya tafi. Na-Maraɗi, jagoran da ba ya barin na baya. Ba ka taɓa neman a gode maka ba. Da aka gaya maka za a rubuta wannan, cewa ka yi a rubuta tsohuwar Haifeng, ita ce ta yi aikin.

Mun rubuta ta, Baba, kai ma mun rubuta ka. Mun gode. Allah ya kai ka gida lafiya, ya ba gwiwar nan sauƙi, ya sa abin da ka shuka a bakin tekun China ka girbe shi a inda ya fi nan.

Mu kuma da za mu rage, ba sai mun iya faci ba. Kowannenmu ya san wata hanya da wani sabon zuwa bai sani ba, ko ta kasuwa, ko ta asibiti, ko ta rumfar da za a ci a ƙoshi da kwanciyar rai. Akwai wanda bai zo Juma'a ba makonni uku ke nan, kuma duk mun lura. Kada mu jira ya nemo mu. A hau bene a ƙwanƙwasa.