Tayil Talatin da Biyar

Shekara talatin da ɗoriya ya yi yana shimfiɗa tayil a gidajen mutane, har gwiwoyinsa suka yi kanta. Abokan aiki na kiransa Tef, domin in ya tsaya a bakin ƙofa ya ƙare wa ɗaki kallo, zai faɗi yawan tayil ɗin da zai ci ba tare da ya zaro tef ɗin awo ba, kuma da wuya ya kuskure. Mutane su ce baiwa ce. Shi kuwa ya ce, "Wace baiwa? Ni da ba ni da kan lissafi."

Ba ƙanƙan da kai yake yi ba, har zuciyarsa ya yarda da haka. Yana aji huɗu wani malami ya zabga masa jan biro a takarda daga sama har ƙasa, ya ce ƙwaƙwalwarsa ba ta lissafi ba ce. A shekarar ya bar makaranta. Malamin ya daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙansa, amma maganar tana nan daram a ran Tef.

Autarsa ta yi karatun kwamfuta, tana haɗa manhajar waya mai koya wa yara lissafi. Wata Asabar da hantsi ta same shi a tsakar gida yana kankare busasshen siminti daga cokalin gini, ta miƙa masa wayar.

"Baba, gwada mini. Akwai tambaya irin ta aikinka."

Ya goge hannu a wando ya karɓa. Tambayar ta ce: ɗaki mai tsawon mita huɗu da faɗin mita uku, tayil mai santimita sittin kowane gefe, guda nawa ake bukata? Ko ƙiftawa bai yi ba ya danna talatin da biyar.

Fuskar wayar ta yi ja. Amsar, in ji manhajar, talatin da huɗu ce.

Ya ajiye wayar a hankali, ya koma kan cokalinsa. Kunya ta rufe shi, irin ta yaron aji huɗu, ga shi da furfura.

"Na gaya miki, Auta. Ni da lissafi sai dai gaisuwa daga nesa."

Ita kuwa ta san mahaifinta ba ya faɗin adadi da ka. Ta tsuguna gefensa ta ce, "Ta yaya ka samu talatin da biyar?"

Ya ɗauki guntun alli ya zana ɗakin a kan siminti. Layi biyar ne, kowane layi na cin tayil shida cikakku, sai na bakwai da za a yanke a cike santimita arba'in ɗin da ya rage a jikin bango.

"To guntayen da ka yanke fa, Baba? In aka haɗa biyu ai sun cike gurbi ɗaya."

Nan ya yi dariya. "Ke za ki yarda a yi miki faci a falo?"

Ta daɗe tana kallon zanen. Ita a takarda ta raba filin ɗaki da filin tayil, ba ta taɓa durƙusawa ta yanka ko ɗaya ba. Abin da ya fi damunta shi ne yara nawa manhajar za ta yi wa ja alhali da dalilinsu.

Bayan mako guda ta dawo, ta gyara amsar tayil, ta kuma sauya tsarin. Ta ba shi wata tambayar, ta ce ya saka amsar banza da gangan. Ya saka. Ba ja ko kaɗan, sai rubutu ya fito: "Nuna mini yadda ka samu wannan."

Ya karanta sau biyu, yana bin kalmomin da yatsa. Idonsa ya ciko, bai kuma ɓoye ba.

"Shekara hamsin," ya ce, "ba wanda ya tambaye ni haka sai ke."

Ya ture cokalin gefe, ya gyara zama, ya ce ta kawo tambaya ta gaba.