Kanta a Kafaɗar Dama

A shekarar da aka buɗe mana layin waya, bayan an toshe shi wata da watanni, na fara ɗaga ƙarfe. Lokacin mun baro Ruma mun tare a Batsari, don ɓarayin daji sun kore shanun nomana, gona kuma ba ta shiguwa. Na je tasha neman dako. Shugaban 'yan dako ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Baba, kai za ka ɗauki buhu, ko buhu zai ɗauke ka?"

Malaminmu na ajin yaƙi da jahilci ya ji labarin. Shi ma yana ɗaga ƙarfe a gidan da yake haya. Ya kwafo mini wani tsari daga wayarsa, ya rubuta da manyan baƙaƙe: Asabar ƙirji, Litinin kafaɗa, Laraba ƙafafu. Kowanne sau goma, a huta, a sake har zagaye uku. A ci wake da ƙwai. Ita ce takardar farko da na karanta ba tare da an kama mini ba.

Na cika gwangwanin fenti biyu da siminti, na soka bututun ƙarfe a tsakani. Malam ya ce in naɗa tsumma inda ƙarfen ke zama a kafaɗa. Na ce gammo na mata ne. Uwar 'ya'yana tana tankaɗe tana kallona ina tsugunawa ina tashi.

"Maigida, kullum ƙwan kazata biyu, kuma har yau ban ga inda suke shiga ba."

Bayan wata biyar riga ta fara matse ni. Baƙar kanta ta fito a kafaɗata ta dama, don can nake karkata. Aka ɗauke ni dako, har aka sa ni bin a-kori-kura mai kai hatsi Runka.

Ran nan mun wuce Safana da hantsi, sai ga ɓarayin dajin sun fito daga cikin dawa. Suka kwantar da mu a bakin hanya, suka ce maza su tuɓe riga. Kowa ya san dalili. Wanda igiyar bindiga ta yi wa tabo a kafaɗa ɗan sa-kai ne, kuma shi ba a neman fansarsa, nan ake gamawa da shi.

Babbansu ya danna kantata da bakin bindiga.

"Ina ka ajiye ta?"

"Ranka ya daɗe, ban taɓa riƙe bindiga ba."

"Wane talaka ne ke da wannan ƙirji a bana?"

Suka laluba aljihuna, suka ciro takardar Malam. Babu mai karatu a cikinsu. Babban ya ce, "Sunayen su wa ka rubuta?" Ya riƙe ta a gaban idona, na karanta a hankali kamar a aji, baƙaƙen suna rawa: "Asabar, ƙirji. Litinin, kafaɗa." Wani ya tuntsire da dariya. Babban bai yi ba.

Direbanmu, fuskarsa a ƙasa, ya ce, "Wallahi ɗan dako ne. Shi ya loda buhunan nan."

"To ya sauke su. In ya yar da ɗaya, ƙarya kuke."

Baburansu suna ƙetaren wani busasshen rafi mai yashi. Na saɓi buhun gero na shiga, ƙafa tana nutsewa, mutum ɗaya yana bina da bindiga. Na yi yadda na saba: taku goma, in ja numfashi, in sake goma. A buhu na shida na ji wani abu ya tsinke a bayana. Na cije, ban sake shi ba. Na kai na bakwai, na kai na takwas.

Da azahar babban ya yaga takardar ya ce mu ɓace.

Na yi wata uku a kwance. Aka ba wani gurbina a tasha. Gwangwanayen nan biyu yanzu a kansu uwar 'ya'yana ke ɗora tire.

Abin da ya tafi ran nan: buhu takwas na mutane, rigata da takalmina, takardar Malam, dakon Runka, da bayan da nake ɗaukar kaya da shi.