Yarinyar da ke Tsaye a Ƙarshen Fili

Shekarar da aka mayar da surukina aiki a wata masana'anta ta Saint-Fons, kusa da Lyon, suka tashi daga Sevran da ke gefen Paris, shi da ƴata da jikata. Ni na ce ba inda za ni. Aikin tafinta ya riga ya yawata da ni Yamai da Abijan da Kartum da Jidda, na gaji da ɗaure kaya. Na yi zamana a ɗakina na unguwar Beaudottes, ina jin wucewar jirgin ƙasa na RER safe da yamma.

Jikar tawa a hannuna ta tashi, kuma a Sevran bakinta ba ya hutawa. Da aka kwana biyu da ƙaurarsu sai uwarta ta kira ni a waya, ta taƙaita gaisuwa.

"Inna, yarinyar nan ta daina magana. In an tashi karatu a lakwal, sai ɗaki. Mun yi shawara da babanta, ki zo hutun nan ki gan ta. In ta ce Sevran take so, ki tafi da ita ta yi karatu wajenki."

Na ce to. A cikin jirgin Lyon, gonaki suna wucewa ta taga, ni kuwa a raina har na fara tunanin inda zan sa teburin karatunta. Ina son ta dawo, wannan ba abin ɓoyewa ba ne.

Na same ta ta yi tsawo, ta rame kaɗan. Ta rusuna ta ce, "Sannu da zuwa, Kaka," ta kai jakata ciki, ta koma ɗakinta. Washegari bayan azahar na tura ƙofar. Tana kwance rub da ciki gaban kwamfuta, wasu ƴanmata na zane suna gudu a kan allon.

"Ƙawata, waɗannan masu idanu kamar faifai fa, ƴan wane gari ne?"

"Anime ne, Kaka. Na Japan. Ba za ki gane ba."

"Ni da na yi tafinta tsakanin likita Bature da tsohuwar da ba haƙori a bakinta? Matsa mini."

Labarin ƴanmatan wata makaranta ne da suka kafa ƙungiyar besbol, wasan da ɗaya ke jefa ƙwallo, ɗaya ta doke shi da sanda, saura su cafe da safar fata. An bar musu wani fili bayan makaranta, su suka cire ciyawarsa da hannu. Japananci ba ya cikin harsunan da na iya. Da fari ina bin fassarar Faransanci da ke fitowa a ƙasa, daga baya na bar ta. Rabon da in zauna gaban magana ba tare da an ɗora mini nauyin kai ta ga wani ba, har na manta.

Abin da ya kama ni shirunsu ne. A doki ƙwallo ya tashi, sai mai zanen ya bar shi can sama, ya nuna gajimare, ya nuna jirgin ƙasa yana ratsawa bayan shinge, gyare yana kuka, iska tana kaɗa gashin wata yarinya, ƙwallon bai sauko ba har yanzu. A Abijan na ga ƙwallon ƙafa, hayaniya ce tun farko har ƙarshe. A Jidda na sha ganin ƴan Pakistan suna nasu wasan sanda a kango ranar Juma'a. Amma wannan ya fi kama da kokawar Maraɗi, inda ƙarti biyu za su daɗe suna zagaya juna, jama'a ta riƙe numfashi, sannan komai ya ƙare cikin ƙiftawar ido.

"Wacce ce taki a cikinsu?" na tambaye ta. Na zaci mai jifa za ta nuna, don ita aka fi haskawa.

Ta ɗora yatsa kan wata ƴar ƙarama can ƙarshen fili, kusa da shinge.

"Wannan. Jira kawai take yi. Wani lokaci har a tashi ƙwallo bai zo wajenta ba. Amma in ya zo, Kaka, ita kaɗai ce a wurin."

Na dubi yarinyar zanen tana tsaye cikin ciyawa, kanta sama. Na san tsayuwar nan. Muna yara, a ƙauyenmu na kudancin Maraɗi, in gero ya fara ido, mu ake turawa gadin tsuntsaye. Kowace yarinya da rumfarta a gefen gonar gidansu, da tarin hoge na jifa. Sai a wuni ana kallon sama ba abin da ya zo. In zaman ya ishe mu, mu riƙa cilla goruba daga wannan rumfa zuwa waccan, sama sosai don ta wuce kan geron. Wadda ta rufe ido, a goshi take karɓa. Na ba ta labarin nan da Hausa, ta saurara ba ta katse ni ba.

Can ta zura hannu ƙarƙashin gado ta jawo safar fata da farin ƙwallo. Wata ƴar ajinsu ce ta ara mata. Suna da ƙungiya ta ƴanmata, mutum ɗaya ya rage su cika, ta ce ta zo ranar Laraba da yamma. Laraba ta wuce, wata Larabar ta wuce, ba ta je ba.

"In ya taho daga sama rufe ido nake yi," ta ce. "Dariya za su yi mini. Gara in bi ki Sevran."

Da na yi shiru a nan, da tare za mu hau jirgi. Na ɗan jima ina juya ƙwallon a hannuna. Nauyinsa bai wuce na goruba da yawa ba.

"Ɗauko mini takalmina," na ce.

Akwai wani fili na ciyawa bayan gidajensu, inda ake hango bututun masana'antu suna fitar da farin hayaƙi a hankali. Na gyara ɗaurin zanena a ƙarƙashin kwat, na ja da baya, na jefa. Kafaɗata ta yi ƙara, ƙwallon ya faɗi kusa da ƙafata ya gangara.

"Kaka! Sama aka ce, ba rijiya ba!"

"Rufe mini baki. Hannun nan ya girmi uwarki."

Dariyarta ta farko ke nan tun zuwana. Jifa na gaba ya tashi, jikina ya tuna yadda ake yi, daga ƙugu ake ɗauko shi. Ta runtse ido, ta kare kai, ƙwallon ya sauka bayanta.

"Kada ki ruga," na ce. "Tsaya ki ga inda zai sauka tukuna. Ɗaga safar sama da goshinki, ki leƙa ta gefenta."

Haka muka riƙa fita kullum bayan la'asar. In mun dawo ta shafa mini man zafi, mu kalli kashi ɗaya na ƴanmatanta. Surukina ya gan mu wata rana daga tashar bas, ya ce, "Hajiya, ko ke ma a nemo miki riga mai lamba?" Na ce ya bari sai an fara biyan tsofaffi. Akwai yammacin da na cilla ƙwallon ya shiga cikin hasken rana, na neme shi na rasa, na ji kamar ina jin ƙamshin ɗanyen gero. Sai ƙarar faɗawarsa cikin fata ta dawo da ni Saint-Fons.

Ranar Laraba na raka ta. Bas, jirgin ƙarƙashin ƙasa na metro, wata bas, har wani fili wajen Vaulx-en-Velin. Ƴanmata ne iri-iri, na ji Larabcin Aljeriya, na ji wani harshe na tsibirai da ban iya ba. Mai horar da su, wata mace mai furfura a gefen kai, ta nuna mata ƙarshen fili. Na zauna kan benci ina hango ta, ƴar mitsitsiya, bayanta shinge da dogayen gidaje. Aka daɗe ba abin da ya je wajenta. Sanyi ya fara shiga gwiwoyina.

Sai wata doguwa ta doka, ƙwallon ya tashi ya nufe ta. Ta tsaya, ta matsa taku kaɗan, ta ɗaga safar. Ya bugi bakin safar ya zame ƙasa. Ta sunkuya ta ɗauka ta jefa ciki. Ba wadda ta yi dariya. Ƴar ajinsu ta ƙwala mata kira daga nesa, "Presque, saura ƙiris! Na gaba naki ne!" Ko da yake da Faransanci duka ta faɗa.

A hanyar komawa ba ta bar ni na huta ba, wace ce mai ƙarfi, wace ce mai surutu, wace ce ta ce za ta kawo mata hula. "Kin gani, Kaka? Ban rufe ba. Ina kallonsa har ya faɗi."

Ana gobe zan tafi, muna cin tuwo, uwarta ta ce, "To, Inna za ta koma. Me kika yanke?"

Ta dube ni, ta dubi kwanon.

"Asabar akwai wasa. In na tafi ba su cika ba." Ta ɗago kai. "Kaka, ba ki yi fushi ba?"

"Fushin me, ƙawata? Kafaɗata ma ta samu hutu."

Ita ta ɗaukar mini jaka har cikin jirgi, ta ɗora ta sama, ta rusuna ta ce in sauka lafiya. Da ta fita, ta taga na ga alamar wayarta ta yi ƙara tun jirgin bai motsa ba. Ta ɗauka tana dariya, tana ɗaga mini ɗayan hannun. Na ɗaga mata na hagu, don na dama bai ɗaguwa, na koma Paris ni kaɗai.